Ranka Ya Daɗe, Sauko Daga Mota Ka Taka Birnin Vienna Da Ƙafarka

Duk wanda ya taɓa raka tawagar gwamnati zuwa taro a Turai ya san yadda tafiyar take kasancewa. Mota ce za ta ɗauke ku daga filin jirgi ta sauke ku a otal. Da safe ta kai ku zauren taro, da yamma ta maido ku. Ranar ƙarshe a roƙi direba ya ɗan tsaya a kanti, a sayi turare da agogo da cakulan na yara da takalmin uwargida. A dawo Abuja, a rubuta rahoto mai shafi biyu, a cusa shi cikin fayil. Idan abokin aiki ya tambaya yaya garin yake, amsar ba ta wuce cewa akwai sanyi, kuma akwai tsafta. Kwana biyar da kuɗin jirgi da kuɗin guzuri, duk daga baitulmali, abin da aka samo ke nan.

Jama'a sun daɗe da gajiya da wannan. A watan Disamba na 2023, lokacin da aka ga sunaye 1,411 a jerin waɗanda suka je taron sauyin yanayi na Dubai da sunan Najeriya, ƙasar nan ta ɗauki zafi, har gwamnati ta fito ta ce mutum 422 ne kawai ta ɗauki nauyinsu. A watan Maris na 2024 fadar shugaban ƙasa ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙasashen waje da kuɗin gwamnati na tsawon wata uku, daga 1 ga Afrilu. Rage yawan masu tafiya abu ne mai kyau, amma bai taɓa ainihin matsalar ba. Akwai tarurrukan da dole ne Najeriya ta halarta, kuma za a ci gaba da zuwa. Abin tambaya shi ne me wanda ya je yake kawo wa ƙasar da ta biya masa kuɗin jirgi.

Shawarata ƙarama ce, kuma ba ta cin ko kwabo. Duk jami'in da aiki ya kai shi wani babban birnin Turai, ya ware yini guda, ya sallami direba, ya sa takalmi mai sauƙi, ya taka garin da ƙafarsa tun hantsi har almuru. Aikin gwamnati a ƙasa ake ganinsa, a gefen titi da bakin famfo da ƙofar gidan haya, kuma gilashin mota yana ɓoye dukkan waɗannan.

Zan yi misali da Vienna, babban birnin Ostiriya, domin shi na taka, lokacin da wani horon aikin jarida ya kai ni, kuma domin 'yan Najeriya na aikin gwamnati ba baƙi ba ne a cikinsa. A nan ne hedikwatar ƙungiyar OPEC take tun 1965, kuma Najeriya ta shiga ƙungiyar a 1971. Marigayi Rilwanu Lukman ya riƙe sakatarenta daga 1995 zuwa 2000, a Vienna kuma Allah ya yi masa rasuwa a 2014. Marigayi Mohammed Sanusi Barkindo ya riƙe wannan kujera daga 2016 zuwa 2022. A ƙetaren kogin Danube akwai cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka buɗe a 1979, inda hukumar makamashin nukiliya da ta raya masana'antu da ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi suke. Da wuya shekara ta wuce ba tare da tawagogi daga ma'aikatunmu sun sauka a garin ba.

Daga ƙofar ofishin OPEC na fara. Tafiyar mintuna kaɗan ta fito da ni kan Ringstrasse, babban titin da ya yi wa tsohon gari zobe. A da ganuwa ce a wurin, wadda ta tare rundunar Turkawa a 1529 da 1683. A 1857 Sarki Franz Joseph ya ba da umarnin rushe ta, aka shimfiɗa titi mai tsawon kilomita 5.3 a gurbinta, aka buɗe shi a 1865. A kansa aka jera jami'a da ofishin magajin gari da majalisar dokoki da gidajen tarihi. Yankin gwamnati ne, kamar yadda muke da namu daga Sakateriyar Tarayya zuwa Dandalin Eagle. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda aka raba faɗin titin: motoci da rabonsu, jirgin kan titi da nasa, masu keke da nasu, masu tafiya a ƙasa kuma aka ba su hanya mai faɗi tsakanin layukan itatuwa, da benci nan da can. Na ga tsohuwa da sanda tana tsallaka titi a gaban majalisar dokoki, motoci sun tsaya mata, ba ta ɗaga ƙafa ba balle ta yi gudu. Wanda yake cikin mota zai ce ya ga ginin majalisa mai kyau. Ni abin da na riƙe shi ne cewa wani ma'aikaci ya zauna ya lissafa daƙiƙun da tsohuwa take buƙata kafin ta ƙetare titi, ya saita fitilar a kan haka.

Gaba kaɗan sai fadar Hofburg, mazaunin sarakunan gidan Habsburg na ɗaruruwan shekaru. Jami'in ladabin diflomasiyya ya kamata ya tsaya nan ya numfasa, domin a wannan fada aka yi taron 1961 da ya haifar da yarjejeniyar Vienna kan hulɗar jakadanci, wadda har gobe ita ce madogarar rigar kariyar jakadu. A barandar sabon ɓangaren fadar ne Hitler ya tsaya ranar 15 ga Maris, 1938, ya shelanta haɗe Ostiriya da Jamus a gaban dandazon masu sowa. A cikin wannan ginin kuma akwai gidan tarihin Weltmuseum, inda aka ajiye kayan tagulla da na hauren giwa na masarautar Benin, da yawa daga cikinsu sun bar gida ne bayan harin da sojojin Birtaniya suka kai a 1897. Ɗan Najeriya ya biya kuɗin shiga ya kalli kayan kakanninsa ta bayan gilashi, wannan ma darasi ne, kuma ba a koyar da shi a zauren taro.

Ina faɗar wannan ne domin kada wani ya zaci waƙar yabon Turai nake yi. Idan ka ƙetare Ringstrasse ka wuce tsakanin manyan gidajen tarihi biyu, a bakin titin Mariahilfer za ka tarar da wani baƙin dutse mai tsayin kusan mita 3. An kafa shi ne domin tunawa da Marcus Omofuma, ɗan Najeriya mai shekara 25 da ya nemi mafaka aka hana shi. Ranar 1 ga Mayu, 1999, 'yan sanda uku suka raka shi cikin jirgin da zai fitar da shi daga ƙasar, suka ɗaure shi, suka liƙe masa baki da salatif, ya mutu a hanya. A 2002 kotu ta same su da laifin sakaci, ta yanke musu wata takwas na jeka-ka-gyara-halinka. Wata mai sassaƙa, Ulrike Truger, ita ta yi dutsen a 2003, ta dasa shi ba tare da izini ba kusa da gidan wasan Opera, daga baya aka mayar da shi inda yake yanzu. Na daɗe a tsaye a wurin. Motocin tawagoginmu suna wucewa kusa da shi a kan hanyarsu ta zuwa kantuna, kuma ina shakkar ko mutum ɗaya cikin goma ya san da shi.

Titin Mariahilfer ɗin kansa shi ne babbar kasuwar kantunan garin, inda yawancinmu ke sayen tsaraba. Har zuwa 'yan shekarun baya motoci ne suka cika shi. Da hukumar birni ta so mayar da shi na masu tafiya a ƙasa, rigima ta tashi, 'yan kasuwa suka ce ciniki zai mutu. A farkon 2014 aka tambayi mazauna gundumomi biyun da titin ya ratsa, kashi 53 cikin ɗari suka amince, aka kammala aikin a 2015. Rinjayen bai taka kara ya karya ba, wato su ma ba da son mota aka raba su cikin dare ɗaya ba. An gwada, an yi gardama, an ƙirga ƙuri'a, sannan aka zuba siminti. Mu da muka saba ganin buldoza kafin sanarwa muna da abin dubawa a nan.

Da rana ta take na gangara kasuwar Naschmarkt na ci abinci a rumfar wani Baturke, sannan na nufi dandalin Schwarzenberg, inda wani babban marmaro ke feshi sama. An gina shi ne a 1873 domin murnar isowar ruwan sha daga duwatsu. Kafin lokacin rijiyoyi da kogi garin ya dogara da su, kwalara da taifot suna ɗibar mutane. Wani masanin ƙasa, Eduard Suess, ya dage a jawo ruwa daga idanun ruwan tsaunukan Rax da Schneeberg, aka gina magudana mai tsawon kusan kilomita 95. A 1910 aka ƙara ta biyu mai kilomita 180 daga tsaunin Hochschwab. Gangare ne ke kawo ruwan har cikin gari, ba ya jiran injin turawa. Yau akwai famfunan sha fiye da 1,000 a titunan birnin. Gora ɗaya na riƙe tun safe, na cika ta sau huɗu, ban sayi ruwa ba. Aikin da aka yi shekara 150 da suka wuce yana nan yana shayar da mutum miliyan biyu, saboda kowace shekara akwai layi a kasafin kuɗi na kula da shi, akwai kuma wanda za a tuhuma idan ya lalace. Sai na tuna da madatsar Usuma, da yadda mai ga-ruwa ke tura kurarsa a unguwannin da ba su da nisa da ita.

Daga nan na ratsa tsohon gari ta titin Kärntner, wanda aka hana motoci shiga tun 1974, na wuce majami'ar Stephansdom mai hasumiyar mita 136, na sauka bakin mashigin ruwan Danube da ya ratsa gari. Yawancin baƙi a nan suke juyawa. Ina ba ma'aikaci shawara ya ci gaba, ya bi bakin ruwan ya yi arewa, domin abubuwa biyu mafi amfani gare shi suna gaba.

Na farko shi ne Spittelau, wani gini mai launuka da dogon bututu mai ƙwallon zinariya, wanda za ka ɗauka gidan wasan yara ne. Masana'antar ƙona shara ce a tsakiyar unguwa. Gobara ta cinye ta a 1987, aka sake gina ta, aka ba mai zane Friedensreich Hundertwasser ya ƙawata ta. Tana ƙona fiye da tan 200,000 na shara a shekara, zafin kuma ana tura shi ta bututu ya ɗumama dubban gidaje. Na tsaya a gindinta ban ji wari ba. Tsaftar da muke dawowa muna yabawa, ga inda take ƙarewa.

Na biyu shi ne Karl-Marx-Hof, a unguwar Heiligenstadt, rukunin gidajen haya na hukumar birni mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, da gidaje 1,382 lokacin da aka gina shi tsakanin 1927 da 1930. Ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na filin aka gina, sauran aka bar shi lambu da wurin wasan yara, aka haɗa da wuraren wanki da wanka da makarantar reno da ɗakin karatu. Har yau mutane na zaune a ciki suna biyan haya ga birni. Hukumar Vienna ta mallaki gidaje kusan 220,000, kuma kimanin rabin mazauna garin suna cikin gidajen hukuma ko waɗanda aka tallafa wa gininsu. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa tana daura da ƙofa. Daga 2012, har tsawon fiye da shekara goma, tikitin shekara na shiga dukkan motocin haya da jiragen birnin Yuro 365 ne, wato Yuro ɗaya a rana. A wannan tashar na kawo ƙarshen tafiyata, bayan kimanin kilomita 12, na hau jirgi na koma masauki cikin 'yan mintuna.

Na san abin da mai karatu zai ce: Ostiriya ƙasa ce mai arziki, mu kuwa ga halin da muke ciki. Tarihin gidajen nan ya amsa wannan. An fara su ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da daular Habsburg ta wargaje a 1918, Vienna ta wayi gari babban birni ba tare da daula ba, ga yunwa, ga kuɗi sun zama takarda, ga tarin fuka ya yi katutu har ana kiransa ciwon Vienna. A cikin wannan hali hukumar birni ta ƙirƙiro harajin gina gidaje a 1923, wanda ya fi nauyi a kan masu manyan gidaje, ta gina gidaje fiye da 60,000 kafin 1934. Shawara ce aka yanke cikin talauci, aka kuma tsaya a kanta. Mu a 2003 muka ɗauki tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi, daga 2005 aka sayar da gidajen gwamnati na Abuja. Akwai hujjojin da aka bayar a lokacin, wasunsu ma masu ƙarfi ne, amma sakamakon yana kan hanyar Nyanya da Mararaba da Kubwa da Lugbe kowace asuba, inda ma'aikacin mataki na takwas ke ƙarar da albashinsa da ƙarfinsa a cunkoso kafin ya isa teburinsa.

Wani zai ce zafin Abuja ba ya barin tafiya a ƙasa. Gaskiya ne rana a watan Maris ba abin wasa ba ce. Amma wannan dalili ne na dasa itatuwa, kuma mun san yadda ake yi: tsofaffin titunan Kaduna da Kano da aka jera wa maɗaci da darbejiya har yau ana bin inuwarsu. Ban da haka, dubban mutane suna tafiya a ƙasa a Abuja kullum, ko suna so ko ba sa so. Masinja yana yi, mai shara tana yi, ɗan bautar ƙasa yana yi, suna kauce wa ramin da aka sace murfinsa, suna sauka kan kwalta saboda motoci sun hau inda aka tanada musu, suna tsallaka manyan tituna da gudu. Waɗanda ba sa yi su ne waɗanda ke sa hannu a takardun kwangilar tituna.

Wani kuma zai ce wannan ai yawon buɗe ido ne da kuɗin gwamnati. Yinin da nake magana a kai ya riga ya kasance a cikin tafiyar: shi ne yinin da ake kashewa a kantuna, ko a ɗakin otal ana jiran jirgi. A Vienna ma yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi, saboda haka babu abin da aka rasa. Game da tsaro kuwa, a garin da shugaban ƙasarsu kan fito ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, darakta daga Abuja ba shi da abin fargaba, sai dai ya riƙe takardar shaidarsa a aljihu, ya kuma kula da jakarsa a cikin taro kamar ko'ina.

Ga hadimai da mataimaka na musamman, wannan magana ta fi shafarku, domin ku ke tsara jadawalin maigida. Hausawa sun ce na zaune bai ga gari ba, na cikin baƙar mota ma bai gan shi ba. Idan kuka bar masa yini guda babu ganawa, kuka ce ranka ya daɗe mu taka, zai iya yin dariya, zai iya kuma amincewa. Ku riƙe ƙaramin littafi. Ku rubuta faɗin hanyar masu tafiya a ƙasa da taku nawa ne, tazarar da ke tsakanin kwandon shara da na gaba, minti nawa kuka jira jirgi, nawa ne kuɗinsa, wace hukuma ce sunanta ke jikin murfin magudanar ruwa. Ga manyan sakatarori kuma, ba sai an jira sabuwar doka ba: a ƙara shafi ɗaya a rahoton tafiya, inda jami'i zai faɗi abu guda da ya gani da idonsa a titi, wanda ma'aikatarsa ke da ikon yin irinsa, da abin da zai ci.

Sannan a dawo gida a maimaita. An kafa Abuja da dokar 1976, an zana taswirarta a 1979, gwamnati ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamba, 1991. Gari ne da bai kai shekara hamsin da fara gini ba, kuma da yawa daga cikin gundumominsa yanzu ake shimfiɗa musu tituna, wato gyara bai gagara ba tukuna. Ranar wata Asabar, wanda ya taka Vienna ya ajiye mota a Sakateriyar Tarayya, ya taka zuwa kasuwar Wuse, daga nan zuwa Berger, da littafin nan a hannunsa. Tafiyar ba ta kai rabin wadda na yi a can ba. Ya ƙirga ramuka, ya ƙirga inuwa, ya nemi famfon da zai sha ruwa, ya gwada tsallaka titi da saurin tsohuwa mai sanda. Abin da ya rubuta a shafukan biyu, na Vienna da na Abuja, shi zai kai ofis ranar Litinin.